Giya Biyu da Sunan Maƙwabcina

A shekarar da aka canza takardun kuɗi, lokacin da mutane ke wuni a bakin banki su koma gida ba ko sisi, giyar motata ta mutu. Tsohuwar mota ce otomatik, da ita nake kai yara makaranta. Ta yi shekarunta, don haka ban yi ƙorafi ba. Na ce alhamdu lillahi, na sa aka ja ta zuwa garejin wani bakanike a Gyaɗi-Gyaɗi, mutumin da mun sha haɗa sahu da shi a sallar Azahar.

Ya ce sai dai a sa wata giyar ta hannu da ake shigowa da ita daga waje, 'yar Beljiyom. Na ce ya je wajen maƙwabcina na Tarauni, wani Ibo mai shagon kayan mota, wanda ya yi furfura a Kano, kuma rabin cinikinsa daga kanikawan wannan layi yake fitowa. Bakanike ya je shi kaɗai, ya dawo da giya, ya ce ma ta fi tawa sabunta. Ni karatuna na allo ne da ajami, lambobin da ake bugawa a jikin ƙarfe ba su gaya mini komai, sai na yarda.

Ba ta rufa wata biyu ba ta fara fizga. Sai inji ya yi ta kuka, mota tana jan ƙafa, man giya yana warin ƙauri. Bakanike ya ce an sayar mana da gawa. Maƙwabcina ya canza masa da wata, ita ma ta bi sahun 'yar'uwarta. Daga nan bakanike ya buɗe baki. A teburin mai shayi, inda kanikawa ke karin kumallo, ya riƙa cewa mutumin nan fenti yake shafa wa matattun giyoyi ya sayar wa Musulmi. Maganar ta zaga layin. Ina wucewa ta gaban shagon ina ganin mai shi a zaune kan benci, babu mai leƙowa.

Ran nan na tsaya muka gaisa, na tambaye shi gaskiyar lamari. Bai ɗaga murya ba. Ya ce tun zuwan farko ya gaya wa bakanike cewa giyar shekarar motata ta ƙare masa, wadda ke ƙasa ta ƙirar da ta biyo baya ce, a jira ya kawo daidai. Bakanike ya ce kusoshinsu ɗaya, zama za ta yi. Zama kam ta zauna. Amma soket ɗinta daban ne, sai bakanike ya yanke wayoyi ya haɗa da hannu, ƙwaƙwalwar motar ta tsohuwar shekara tana ba sabuwar giya umarnin da ba nata ba, har giyar ta ƙone. A zuwa na biyu ma maƙwabcina ya sake gaya masa.

"Me ya hana ka faɗa mini?" na ce.

"Malam, shi ne mai kawo mini mutane," in ji shi. "In na tona shi, wa zai sake zuwa? Ga shi na yi shiru, kuma ba su zo ba."

Har yau idan na tuna raina ɓaci yake. Malamanmu na zaure, da duk tarin littattafansu, ba su jin nauyin cewa Allah ne masani. Amma ga mutum ya gwammace ya kashe kasuwar dattijo da ya ce ya yi kuskure, har ya jawo addini cikin ƙaryarsa.

Na tafi gareji na sa ya ɗaga motar. Ga wayoyin nan a naɗe da baƙin salatif. Ya fara kame-kame, wai haka kowa ke yi, wai kuma ƙaddara ce. Na ce masa asarata ni na yafe, tsakanina da Allah, amma haƙƙin mutumin can ba nawa ba ne balle in yafe. A inda ya ɓata shi, a nan zai wanke shi.

Ya ja lokaci yana kauce mini, har ya sauya masallaci. Kafin nan giyar da ta dace ta iso shagon maƙwabcina, wani bakanike ya ɗaura mini, da ita nake yawo har yanzu, kuma duk layin ya gani. Wata safiya bakaniken nawa ya aiko a kira mu, ni da maƙwabcina. Muka same shi a teburin mai shayi, kanikawa sun cika benci. Ya miƙe gaban maƙwabcina, yana kallon ƙasa.

"Oga, kayanka lafiya suke. Ka gaya mini sau biyu, ni ne ban ji ba. Abin da na faɗa a kanka ƙarya ne."

Wani ya ce ashe Injiniya, kamar yadda suke kiransa, shi ma yana da ribas, aka yi dariya. Maƙwabcina bai yi ba. Ya dubi bakanike, ya ce komai ya wuce, ya miƙa masa hannu.