Layi Biyun Da Na Tsallake

Tsufa ya ɗauke mini abubuwa da yawa, amma wannan kam ban ga ranar da zai bar raina ba. Ya faru ne a shekarar da Sarauniyar Ingila ta zo ƙasar nan. Lokacin ina zaune a Gwandu, Allah Ya ba ni kyan hannu a rubutun ajami, mutane na kawo mini wasiƙu da littattafai ina kwafa musu. Ina kuwa ji da hannun nan ba kaɗan ba.

Akwai wani Alhaji a unguwarmu mai fataucin albasa da shinkafa, wanda ya sayi babbar mota sabuwa fil. Ya ɗauki wani dattijo mutumin Kalgo ya zama direbansa, wanda ya koyi tuƙi a soja lokacin yaƙin Bama. Kowace safiya dattijon nan sai ya zaro ƙarfen awon baƙin mai, ya shafa a yatsa, ya murza, ya sansana. In bai gamsu ba sai ya ce, "Alhaji, a juye mai."

Ba a jima ba Alhaji ya fara gajiya. "Wai motar ga ce ke shan man, ko kai?"

"Rairayi ke sha, Alhaji."

Sai Alhaji ya tuna da ɗan littafin Turanci da aka haɗo shi da motar. Ya aika Birnin Kebbi aka kira wani ɗan'uwansa akawu, ya kuma aiko mini. Muka zauna a zaurensa bayan azahar, akawu na fassarawa ina rubutawa. Littafin ya ce a juye baƙin mai idan agogon da ke ƙirga tafiya ya cika mil kaza. Na rubuta wannan da manyan baƙaƙe, na zagaye shi da jar tawada, na yi masa ado a kusurwa huɗu. Ana cikin haka Alhaji ya fita tarbar baƙo, akawu kuma ya ci gaba: idan hanya ta rairayi ce, ko inji na daɗewa yana aiki mota na tsaye, kada a jira ƙirgen ya cika, a riƙa juyewa da wuri.

Na dubi takardata. Layi biyu ne kawai, amma in sun shiga sai sun ɓata mini adon. Ga shi ladan ya fara kiran la'asar. Na ce a raina, matani ya riga ya shiga, wannan sharhi ne. Ni da na yi shekaru ina karanta cewa hukunci ba ya tafiya ba sharuɗɗansa, na wanke alƙalami na tafi masallaci da natsuwata. Akawu bai iya karanta ajami ba, washegari kuma ya koma bakin aikinsa.

Alhaji ya karɓi takardar da hannu biyu. Da yake duk abin da aka rubuta da baƙaƙen Larabci yana da kwarjini a idonmu, bai ajiye ta a aljihu ba. Baduku ya kai wa, aka ɗinke ta cikin jar fata yadda ba mai iya buɗewa, aka rataye a gaban mota. Ya kulle galan-galan ɗin mai a ɗaki, ya ce wa direba, "Waɗanda suka ƙera ta sun fi ka sanin cikinta. Sai ƙirge ya cika."

Direban ya same ni a ƙofar gida. "Allah gafarta Malam, iyakar abin da littafin ya ce ke nan?"

"Iyakarsa ke nan."

"Su masu littafin, sun taɓa bin hanyar Masama?"

Na ce wannan kuma ban sani ba. Ya yi mini bayani a hankali cewa ranar kasuwa ba ya kashe inji, don tayar da shi sai an sha wahalar murza hannun ƙarfe, kuma agogo ba ya ƙirga wannan wunin. Na saurare shi ina gyaɗa kai kamar mai jin tambayar gado, na sallame shi da addu'a. Daga nan kowace Juma'a Alhaji kan leƙa agogo ya ce da saura, mota kuwa na ta nutso cikin rairayi.

Cikin bazara na shiga motar zan je ta'aziyya Kalgo, Alhaji na gaba, an yi lodin albasa har sama. Muna hango bishiyoyin garin sai inji ya fara wani ƙara kamar ana daka a turmi. Hayaƙi ya taso, mota ta tsaya cik. Direba ya sauka ya zaro ƙarfen. Abin da ya fito a jikinsa ya fi kama da kwalta, har tsakuwa-tsakuwa ake ji. Inji ya buga.

Alhaji bai dubi man ba, agogo ya duba. "Ai lokaci bai yi ba. Ga shi da sauran mil." Ya juyo ga direba, mutanen gari sun fara taruwa. "Littafi ba ya ƙarya. Ka tsiyaye mai kyan ka sayar, ka zuba mini datti."

Dattijon ya juyo. Ni ya duba. Ni kuma a daidai lokacin sai jan carbi ya taso mini. Ya miƙa wa Alhaji mabuɗi, ya shiga garinsu a ƙasa, sunan ɓarawo na biye da shi. Albasar ta ruɓe a rana kafin makaniki ya iso daga Sakkwato. Daga ranar babu mai motar da ya sake ba dattijon tuƙi.

Shekara uku ina kawo wa kaina hujjoji. Ban yi ƙarya a rubuce ba, abin da na rubuta yana cikin littafi. Sai wata rana ina karantar da wasu magidanta babin shaida, na zo kan laifin mai ɓoye ta, sai na ga da ni ake. Na rufe littafi. Ranar kasuwar Kalgo na kama hanya.

Na sami tsohon direban gindin tsamiya yana facin tayar keke, ya rame, gemu ya yi fari fat. Na durƙusa na faɗa masa komai.

"Tun ranar na sani," in ji shi, bai ma ɗago ba. "Littafin motocin soja haka ya ce."

"Baba, mi ya hana ka tona ni?"

"Wa zai bar malami mai jar tawada ya yarda da direba?" Ya hura tayar ya saurara. "Yafiya ba ta da wuya, Malam. Amma ba a gindin tsamiya aka ɓata ni ba."

Na gane. Muka tafi tashar mota, inda direbobi da 'yan kasuwa suka cika, Alhaji ma na nan yana sa ido kan lodi. Na hau kan wani benci, ni da ban taɓa ɗaga murya a kasuwa ba, na faɗi layi biyun da na tsallake da dalilin tsallake su. Da na zo kan maganar ado, wani direba ya ce, "To Malam, adon dai ya yi kyau?" Aka kwashe da dariya, na tsaya na sha ta duka. Alhaji ya matso ya kama hannun dattijon ya roƙe shi ya dawo aiki.

"Gwiwa ta ƙare, Alhaji. Sunana kawai nake so, ga shi na samu." Ya juyo gare ni. "Sauko, Malam. Na yafe, duniya da lahira."

Abin da na koya shi ne, rabin gaskiya in ta samu kyan rubutu ta fi ƙarya ɓarna, don ita ba mai tuhumarta. Wanda aka ba amanar kwafa ya kwafa har da sharaɗin, ko da takarda za ta yi muni. In kuma mai aikin da hannunsa ya ce takarda ba ta cika ba, a koma a duba takardar kafin a taɓa mutuncinsa. Allah Ya gafarta mana abin da muka rubuta da abin da muka bari.