Kan Famfon Gwaggo

Gwaggona tela ce, kuma in dai ba barci take ba, bakinta da kekenta tare suke aiki. Shi ya sa da aka kafa kwamitin haɗin gwiwa kan ruwan unguwarmu, 'yan layi suka tura ta, wai ta je can ta yi surutun da zai amfane mu.

Ɓangare uku ne a kwamitin: mu mazauna, da kansila, da hukumar ruwa mai cin gashin kanta, wadda ba mai ba ta umarni. Kowane zama kansila ya ɗora wa hukuma laifi, injiniyan hukuma ya ce sai kansila ya sa an haƙa ramin bututu tukuna, a sha lemo a watse. Famfonmu kuwa ko ɗigo.

Ran nan Gwaggo ta kwance kan mataccen famfon, ƙarfe mai tsatsa da nauyin tsiya, ta dire shi tsakiyar tebur. Ta ce daga yau duk wanda ya ɗauki alkawari da shi zai tafi, ya ajiye inda kowa zai gani, sai ya cika ya dawo da shi. Aka yi dariya, aka yarda.

Kansila ne ya fara ɗauka. Baƙinsa suka ishe shi da tambaya, ba shiri ya sa aka haƙa ramin. Injiniya ya karɓa, abokan aikinsa suka laƙaba masa Mai Tsatsa, sai ga bututu a mota. Gwaggo har rangaji take a layi.

A zama na gaba injiniya ya turo ƙarfen gabanta yana murmushi.

"Hajiya, saura naku. Kun ce za ku janye rumfunan da ke kan hanyar bututu. Ta farko taki ce."

Rumfar da ta yi rabin rayuwarta a ciki ke nan, inda duk mai wucewa sai ya tsaya hira. Ranar kam Gwaggo ta ba ni tausayi. Ta ɗauki ƙarfen ta saka a jaka.

Washegari da hannunta ta ɓamɓare kwanon farko, maƙwabta suka bi sahu don kunya. Ta mayar da ƙarfen kan tebur tana hararar injiniya.

Yanzu a zaure take ɗinki, tana ƙorafin duhu da kaɗaici. Daidai inda kekenta yake a da, nan aka kafa sabon famfo. In shiru ya ishe ta sai ta zubar da ruwan bokitinta a tukunyar fure, ta fito ta bi layin ɗiban ruwa.