Rubutun da Ya Ƙi Goguwa

Ni mutum ne mai ƙara gishiri. In na ga akuya biyu a Ƙofar Sauri, kafin in kai gida sun zama garke. Da na fara rubutu a wani dandalin intanet da ake cewa abin da ka sa ba mai iya taɓa shi, taubashina na fara kamawa, ɗan kawuna, wanda tun muna yara nake tsokana. Na rubuta cewa mai tuwon Ƙofar Kwaya rufe tukunya take in ta hango shi, don malmala ashirin yake buɗe baki da ita.

Ciwon suga ya ɗauke shi bara. Ran sadakar uku matarsa ta sa aka kira ni zaure, tana bayan labule.

"Malam, ka goge abin nan. Mutane na tura wa 'ya'yansa, suna cewa ci ne ya kashe ubansu."

Na ce mata kafin la'asar an gama.

Na danna wurin gogewa har yatsana ya kusa huda wayar. Ya ƙi. Washegari na kai wa wani abokin aikina a GRA, mai kula da kwamfutocin ofis. Ya ce dandalin ba ya ɓoye yadda aka gina shi, kowa na iya karantawa. Ya buɗe, ya yi ta bin layuka da biro, ni ina tsaye kamar an kai ni asibiti.

"Ba lalacewa ya yi ba, Alhaji. Ga dokar nan. In wani ya yi sharhi a ƙarƙashi, ba ya goguwa."

"To in canza kalmomin?"

"Canza. Na farkon na nan a kwamfutocin duniya, mai so ya tono."

"Sai mai sharhin ya janye nashi ke nan. Waye?"

Ya juyo mani fuskar kwamfutar. Sharhi ɗaya ne, na marigayi: "Ƙarya kake, ashirin da biyar ne. Kai kuma kana gefe kana lasar kwano."

Na kwafe shi a takarda na kai mata, na ce na kasa. Ta karanta.

"Shi ya yafe maka," in ji ta. "Yaran ne ba su san wasanku ba."

Babban ɗansa har yau in mun haɗu a masallaci sai ya canza sahu.