Gonar Kawu daga Sama

Daminar da ta ɗauke tun hatsi bai fid da kai ba, ita ce sojoji suka karɓi mulki a ranin da ya biyo bayanta. Lokacin ina karatu a iniversite, wato jami'a, da yamma kuma ina tsaron wani sibar a unguwar Lamordé, irin shagon nan da ake biya a shiga intanet. Ɗaki ne dogo mai fanka guda, da tsofaffin ordinata, wato kwamfutoci, a jere suna gurnani saboda zafi. Duk lojisiyel ɗin da ke cikinsu, wato manhajojin da suke aiki da su, na sata ne. Mai shagon ya kan ce ba laifi, tunda wanda ya ƙera su bai ma san akwai mu a duniya ba.

Na san asirin mutane da yawa a ɗakin nan ba tare da na nema ba. Mutum zai tashi ya bar akwatin saƙonsa a buɗe ya yi gaba, ni ce mai rufewa. Na san mai neman biza a ɓoye, na san mai aika wa ƴan mata biyu kalami iri ɗaya, ko waƙafi bai canza ba. Da aka fara raɗe-raɗin wai sojoji suna karanta duk abin da ake rubutawa, sai mai shagon ya kira kafinta ya kafa katako tsakanin ordinata da ordinata. Na yi dariya har ya ji haushi. Katako zai hana na kusa da kai leƙe, amma saƙon ta waya yake fita, kuma ba mu san hannun wa yake bi ba. Tun daga can nake da ra'ayin da har yau ban sauka daga kansa ba: in aka shimfiɗa maka tabarma ba a tambaye ka ko dala ba, to ka duba abin da mai shimfiɗar ya zauna saurare.

Duk da haka akwai lojisiyel guda da na so kamar raina. Shi ne wanda ke nuna duniya daga sama. In rana ta take babu kowa, sai in buɗe shi in saki kaina. In tashi daga rufin shagonmu, in bi kogi da gadarsa, in ga yashin da ya fito tsakiyar ruwa, in karkata wajen unguwar Bobiel inda gidaje ke cin gonaki kaɗan-kaɗan. Daga nan in miƙa arewa har ƙasa ta zama ja babu ko itace, in faɗa teku, ni da ban taɓa ganin teku ba. Fanka tana juyawa, gumi yana bin bayana, ni kuwa ba na ɗakin. Sau da yawa kiran la'asar ne ke dawo da ni.

A cikin bazarar nan kawuna, yayan innata, ya zo daga ƙauyenmu na arewacin Maradi. Ya gaya wa mutanen ƙauye ciwon ido ne ya kawo shi birni. Idonsa kuwa ras, yana hango allura a ƙasa. Sai da ya kwana biyu kafin ya gaya wa inna gaskiya, ni kuma ina bakin murhu na ji. Rumbunansa babu ko zangarniya.

A wajenmu ba a tambayar magidanci abin da ke cikin rumbunsa. Matarsa ma ba ta leƙawa, shi ke hawa ya fid da dami ya miƙo mata. Ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba. Rumbun da ya ƙare a kan sauke jinkarsa a gyara, kowa ya gani ya sani, don haka Kawu ya bar nasa da jinkarsu, ya share gindinsu tas. Har ƙaiƙayi ya riƙa watsawa a wurin da safe don kaji su taru, mai wucewa ya ce gidan nan da sauran abinci. Ya bar iyali da ɗan abin da ya samu na sayar da awaki, ya taho.

Yadda abin yake, da kaka manomi ke kai hatsi kasuwa, lokacin da kowa ke kaiwa, ya sayar da arha don suna da biki da tufafin yara. Ƴan kasuwa su tara su rufe. In bazara ta yi, manomin nan ya koma sayen hatsin da tsadar da ba ya iyawa. Kawu ya kan mai da abin raha, ya ce: “Hatsina ne ya tahi birni ya shiga lakkwal ya yi boko, ya dawo ya hi ƙarhina.” A shekarar nan ko dariyar ba ta fita sosai.

Akwai wani Alhaji a unguwar Talladjé, babban ɗan kasuwar hatsi, mutumin wajenmu ne, har da ɗan zumunci ta wajen kakanni. Ya ce zai ba Kawu buhunan da za su kai iyalinsa kaka, shi kuma ya bar masa babbar gonar da ya gada wurin kakanmu. Kawu bai ce i ba, bai ce a'a ba. Kullum ya zauna ƙarƙashin dalbejiyar ƙofar gida yana jan casbi, gonar tana rataye tsakaninsa da yunwar yaransa. Babban ɗan Alhaji, wanda ke riƙe masa harka, ya ce ba sai an sha doguwar tafiya ba, ai ana iya ganin gonar a ordinata. Haka suka zo mini shi da Kawu wata rana da azahar.

Kawu ya tuɓe takalmansa a bakin ƙofar sibar, ya yi sallama, ya zauna a gefen kujera. Na buɗe duniyar. Muka bi kwalta zuwa gabas, muka sauka a jar hanya, muka tsallake busasshen gulbi. Ƙauyukan duk kama suke da juna daga sama, na rasa namu. Kawu ya matso da fuska, ya daɗe yana kallo, sai ya ɗora yatsa ya ce ga rijiya, ga masallaci, ga tsamiyar maƙera. Na matso da hoton. Gidansa ya buɗe a gabanmu kamar an cire wa ƙwarya faifai.

Ban taɓa ganin fushinsa irin na ranar ba. Ga ɗakunan matansa, ga turken jaki, ga kewayen da mata ke wanka, wanda ba shi da rufi, a fili.

“Wa ya ba su izni?” in ji shi. “Sallama suka yi? Mu mun yi darni don idon da ke tahe ta gehe. Bisa ta Allah ce, ɗiyata. Wa ya hau can?”

Na ce na'ura ce, Kawu, ba mutum ba, kuma ba a gane fuskar kowa. Bai saurare ni ba. Idonsa ya riga ya tafi bayan gida, wajen rumbuna. Suna nan da jinkarsu, ƴan dunƙule-dunƙule. Ya sassauta murya don kada ɗan Alhaji ya ji, ya ce: “Tana ganin ciki?” Na ce ba ta gani. Ya sauke numfashi.

Sai na ja hoton zuwa gona. Kore shar, daga iyaka zuwa iyaka. Layukan hatsi sun miƙe, kwarin tsakiya yana ƙyalli da ruwa, gawon nan babba tsaye tsirara yadda ya saba da damina. Kawu ya miƙe zumbur har kujera ta faɗi.

“An yi ruwa! La ilaha illallahu, an yi ruwa ina nan zamne! Wa ya yi mini shibka? Ba su ma san inda na aje iri ba!”

Ya nufi ƙofa yana laluben takalmi da ƙafa, fuskarsa tana haske, yana dariya. Ban taɓa jin nauyin magana kamar wadda na yi masa a lokacin ba. Na ce: “Kawu, tsohon hoto ne. An daɗe da ɗauka, wata damina ce da ta wuce.” Ya tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa. Ya dubi waje, inda rana ke ƙona kwanon maƙwabta, ya dawo ya tada kujerar ya zauna.

Abin da ya biyo baya har yau kamar mafarki nake tuna shi. Ya ɗora yatsa a kan gilashin ya fara zagaya gonar a hankali. Nan ne kakanku ya kan ɗaure doki. Nan innarki ta taka ƙaya tana ƙarama ta cika daji da kuka. Nan ƙasar ta fi son wake. Ta nan ake kawo hura da hantsi. Muryarsa ta yi ƙasa, gurnanin ordinata ya yi nisa, na rantse na ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa a ɗakin nan da babu komai sai warin wayar wuta. Ban taɓa kwana a gonar ba, amma na ji kewarta ta kama ni. Muna ta shawagi a kanta, ni da shi, babu mai son sauka.

Muryar ɗan Alhaji ce ta sauko da mu. Ya fita bakin ƙofa da salula a kunne yana cewa: “Baba, gonar ta yi. Akwai kwari ma a ciki.” Raina ya ɓaci. Na ce masa, malam, ba ka ji na ce tsohon hoto ne ba? Ya ce ya ji sarai, ƙasar da ta yi haka sau ɗaya za ta sake yi. Ba mugu ba ne, kuma gaskiya ya faɗa, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Na'urar nan ta nuna wa mai saye duk albarkar gonar, kyauta, yana zaune a inuwa. Yunwar mai gonar kuwa ba ta fito a hoton ba, balle a ji kunyarsa.

Kawu ya tambaye ni: “Yanzu kowa na iya ganin wanga abu?”

Na ce kowa.

“Ko wanda bai san mu ba?”

Na ce ko wanda ke bayan teku.

Ya girgiza kai ya ce: “Ashe ni kaɗai nike ɓoyo.”

Da maraice ya gaya wa inna ya amince. Na yi tsalle na dire. Na ce sojojin nan ai sun fito sun faɗa da bakinsu akwai yunwa a ƙasa, abin da a da ba a son a ambata, an ce taimako yana tafe, ya ƙara haƙuri kaɗan. Ya ce yara ba su cin labarin rediyo. Na buɗe baki zan ƙara, inna ta harare ni ta ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na shige ɗaki na yi kukana. Sharaɗi ɗaya Kawu ya gindaya wa Alhaji: in damina ta faɗi, shi za a ɗauka ƙwadagon gonar, kada a kawo baƙon hannu ya ɓata ta. Alhaji ya ce wannan ai taimakonsa aka yi. Aka loda buhuna a mota, Kawu ya hau kansu ya tafi.

Daminar da ta zo kuwa sai ka ce sama ta tsage. Kogi ya cika ya haura cikin Lamordé, muka ɗora ordinata a kan tebura muna kwashe ruwa da bokiti, sibar ya yi makonni a rufe. Ina kwasar ruwan ina jin haushinsa, don na san irinsa ne ke sauka a can gonar.

Da kaka na kira salular mai shagon ƙauye, aka je aka kira mini Kawu daga gona. Na ji shi yana haki, da hayaniyar masu ɗaurin dami a bayansa. Muka gaisa, na tambayi yara, ya ce duk sun kai, babu wanda aka rasa, alhamdu lillahi. Sannan na ce: “Kawu, ya gonar?”

Muryarsa ta cika da murna, irin wadda ba a ƙirƙira. Ya ce: “Ke dai bari, ɗiyata. Tun da nike ban taɓa ganin ta yi kamar bana ba. Zangarniya kamar damtsena. Mun ɗaure har igiya ta ƙare.” Na ji yana gyara murya. “Alhaji zai ji daɗi ƙwarai.”