Kwat Ɗin da Atiku Ya Saya Saboda Jamus

Duk wanda ya zauna unguwar Darrasa ta Alƙahira a shekarun nan ya san Atiku mutumin Gusau, dogon nan mai yawo da kwat mai nauyi ko da sanyin bai kai ya kawo ba. Ni Kamilu, littattafai nake sayarwa a lungun bayan masallaci. Shekara ashirin muna shan shayi tare, don haka in na ce mutumin nan ya cuci kansa, ina da bakin magana.

Karatu ya kawo shi Alƙahira kamar mu duka. Nahawu ya kayar da shi sau uku, sai ya haƙura ya koma wajen wani kafinta yana goge katako. A can wani Bajamushe mai suna Wolfram ya tsince shi. Aikin Baturen gyaran tsofaffin ƙofofi da tagogin katako na gidajen da suka shekara ɗari biyar, Atiku kuwa ya zama na hannun damansa har shekara goma sha ɗaya.

Baturen nan yana da wata ɗabi'a. Da an zauna hutun rana sai ya zaro hotunan garinsu, wani ɗan mitsitsin gari a bakin kogi wanda sunansa ya ƙi zama a harshena. Ga ganuwa mai ƙofa uku, ga gadar dutse, ga tsohon coci mai ƙofar katako wadda kakansa ya gyara. Can bayan gari, tafiyar sa'a guda a ƙasa, akwai rusasshiyar fada a kan dutse, da hasumiya mai matakala ɗari biyu da goma sha biyu, da rijiyar da in ka jefa tsakuwa sai ka ƙirga bakwai kafin ka ji ta taɓa ruwa. Atiku ya haddace garin nan fiye da duk abin da malamai suka koya masa. Ya ishe ni da zancen rijiyar nan. Ya taɓa gaya mini ba ya son kuɗin Turai, ba ya son zama can, shi dai Allah ya nuna masa ranar da zai jefa tsakuwa a rijiyar ya ƙirga da bakinsa.

A watan Maris na 2012 abin ya zo har ƙofarsa, ina wurin, na kai musu shayi. Wolfram ya ce zai je gida a watan Yuli, yana so Atiku ya bi shi su yi mako biyu. Takardu da tikiti duk a wuyansa, ɗaki kuma yana nan a gidan ƙanwarsa. Atiku ya ajiye kofinsa.

"Haba Malam, ka bar shi kawai," in ji shi. "Kada ka wahalar da kanka saboda ni."

Baturen ya tambaye shi ko ya tabbata. Atiku ya ce tamam, ya tabbata, ba komai. Sai Wolfram ya gyaɗa kai, ya mayar da hotunansa aljihu.

A wurinmu, in an miƙo maka babban abu ba ka cafka. Kana ƙi, mai bayarwa ya nace, ka sake ƙi, ya rantse maka, sannan ka karɓa da mutuncinka. Misirawa ma haka suke, har sun fi mu. Atiku ya ƙi sau biyu, yana jiran na uku. Shi kuwa Bature, duk Larabcinsa da shekarunsa a unguwar Zamalek, a'a a wurinsa a'a ce, khalas, magana ta ƙare.

Washegari Atiku ya tafi kasuwar gwanjo ya sayo kwat ɗin nan, ya je ofishin jakadanci ya sabunta fasfo. Kullum da safe sai ya tafi aiki da wankakkiyar riga, wai yau za a sake yi masa magana. Na ce masa, kai, wannan ba Bazamfare ba ne, je ka buɗe baki ka ce kana so. Ya ce da wane ido? Mutum ya ce a'a jiya, yau ya dawo yana roƙo kamar mayunwaci? Matarsa Fatna ta yi magana har ta gaji. Ni ma na yi niyyar in je in faɗa wa Baturen da kaina, Atiku ya rantse in na yi haka ba shi ba ni. Na biye masa, abin da har yau nake jin haushin kaina a kai.

A watan Mayu muka ji Hussain, direban Baturen, shi ne zai tafi. Shi wannan, duk da Bamisire ne, ko kara bai sani ba, an ce Baturen bai rufe baki ba ya ce yalla, mu je. Ranar tafiya Atiku ne ya ɗauko musu jakunkuna ya sa a mota.

Da Hussain ya dawo, Atiku ya tare shi tun bai zauna ba. Hussain ya ce ruwan sama ne kawai da sanyi, abincinsu ba gishiri, fadar kuma tarin duwatsu. Mai dalar tsofaffin sarakunan Misirawa a bayan gidansa zai je kallon wannan? Hasumiyar bai hau ba, a ƙasa ya zauna yana shan taba. Atiku ya tambaye shi rijiya fa. Hussain ya ce wace rijiya? Wallahi ranar na ji kamar in kwaɗa masa butar shayi.

Ƙarshen 2013 gari ya rikice, aikin gyara ya tsaya, Wolfram ya haɗa kayansa zai koma gida gaba ɗaya. Na raka Atiku Zamalek da safe don su yi sallama. Baturen ya rungume shi, ya ba shi hotunan nan duka a cikin ambulan.

"Na so ƙwarai ka ga garinmu," in ji shi. "Ya yi mini ciwo da ba ka so. Amma na fahimta, ba kowa ke son tafiya ba."

Na take ƙafar Atiku da ƙarfi. Ya buɗe baki, ya kalli akwatunan da aka riga aka ɗaure, sai ya ce ma'alish, ba komai, Allah ya kiyaye hanya. A cikin tasi na zazzage shi tas. Ya bari sai da na gama, sannan ya ce mutumin da ke ban kwana, ina amfanin a gaya masa ya yi kuskure, ya tafi da kunya?

A 2015 ƙanwar Wolfram ta aiko da wasiƙa cewa ya rasu. Atiku ya kawo mini ita rumfa, yana sanye da kwat ɗin, zufa na tsiyaya a wuyansa. Ya zauna bai taɓa shayinsa ba. Can na ga leɓɓansa suna motsi, na ɗauka addu'a yake yi, sai na matsa kusa. Ƙirge yake yi a hankali, daga ɗaya zuwa bakwai.