Shekarar da Aka Auna Malamai da Alli

Shekarun baya, lokacin da soja ke riƙe da ƙasa kuma damina ta ƙi, ina koyarwa a wata makarantar gaba da lise, wato sakandare, a nan Agadas, inda ake horar da ma'aikatan ruwa da ma'adinai. Sabon malami ne ni, kuma in faɗa muku gaskiya, tsoron ɗalibai nake ji. Wasunsu sun girme ni, ga rawani, ido kawai kake gani. Dabarata ita ce in shiga aji in ba su baya, in yi ta rubutu a allo har a kaɗa ƙararrawa. Ba tambaya, ba amsa, kowa ya tashi da mutuncinsa.

Abokina kuwa, mai koyar da aikin ruwa, ajinsa bakin rijiya ne. Sai ya kwashi ɗalibai a motar albasa su tafi Tabelot, inda rijiyoyin lambu ke ƙafewa, ya sa su shiga da igiya su ga inda ruwa ya gudu. A gidansa na unguwar Dagmanet ga mahaifiyarsa, ga dangin da dabbobinsu suka mutu suka taho gari, duk a tukunyarsa suke ci.

Ana nan aka turo mana sabon shugaba daga Yamai, tsohon soja. Ya tara mu ya ce an umarce shi ya rage ma'aikata, don haka zai auna aikin kowa, wanda ya zo ƙarshe ya kama gabansa. Muka zaci zai riƙa shiga aji yana sauraro. Ina! Mai sito ya kira, ya tambaye shi wa ya fi karɓar alli. Wai malami mai aiki alli yake ci.

Da farko dariya muka yi. Kafin wata ya mutu, sai ga manyan malamai suna cika aljihu da alli, har akwai mai goga shi a gaban riga in zai wuce ofis. Na ce wa abokina, "Don Allah je ka karɓi kwali ɗaya, ko zubarwa ka yi."

Ya ce, "Haba, mutumin nan wasa yake. In na zana rijiya a allo, ruwa za ta kawo?"

Ashe ba wasa ba ne. Wata safiya bayan an ɗaga tuta, shugaba ya jera mu gaban ɗalibai, ya daka tsawa, "Montrez les mains! Kowa ya nuna hannu!" Mu da gemunmu, kamar ƴan lakwal, yaran firamare, da ake duba wa farce. Da ya zo kaina ya ga hannu fari fat har gwiwa, sai ya ɗaga shi sama yadda ake wa ɗan kokawa, ya ce, "Ga malami!" Wallahi ji na yi kamar in nutse.

Ya isa wurin abokina. Hannu duk kanta, igiya ta yayyanke shi, laka a farce. Ya juya shi gaba da baya, ya ce, "Wannan hannun mai haƙar rijiya ne. Mu malamai muke biya. Daga yau an sallame ka."

Inna lillahi! Ina kallon ɗalibai, ba wanda ya motsa, don zamanin ba na ɗaga murya ba ne. Na bi shugaba ofis na ce, "Ranka ya daɗe, ɗalibansa fa sun fi nawa sanin aiki." Ya dube ni ya ce, "Kana son ka raka shi?" Na juya na fito.

Abokina ya sha wuya shekarar nan, har babur ɗinsa ya sayar don gidan ya ci. Daga baya masu lambun Tabelot suka riƙe shi, kuma Allah ya rufa masa asiri. Har yau in mun haɗu "Sarkin alli" yake ce mini. Yanzu da ya zama ni ke duba aikin ƙananan malamai, bayan aji nake zama in kalli fuskokin ɗalibai, in kuma aikin fili ne in bi su can. Ban taɓa duban hannun kowa ba.

Bara na ga wani tsohon ɗalibinmu a tasha, ya zama babba a aikin ruwa. Na gaishe shi, na ce na koyar da shi. Ya ƙura mini ido, ya ba ni haƙuri, bai tuna ba. Amma da na ambaci abokina sai fuskarsa ta washe, ya ce duk rijiyar da ya haƙa da muryar mutumin nan a kunnensa yake haƙa ta. Muka yi sallama, na juya zan tafi, sai na ji ihunsa a bayana, da kiran nan na "Monsieur" da ɗalibai ke yi wa malami.

"Mushe! Kai ne! Wallahi sai da na ga ƙeyarka na gane ka."