Ranar da 'Yata Ta Ƙi Waiwayowa

Shekarun baya, 'yata ta fari tana aji biyu a firamare, hangum ya shigo unguwarmu a Nguru. Gida-gida yake bi, duk yaron da ka gani kumatu sun yi suntum, an ɗaure masa haɓa.

Kafin in ci gaba, ku sani ni da kunne ɗaya nake rayuwa. Na hagun yana nan, amma aikinsa riƙe ɗankunne kawai. Hangum ne ya tafi da shi tun ina yarinya a Gashua. Aka jiƙa gidan zanzaro aka shafa mini, aka ɗaure da ɗankwali, kumburi ya sace, ji kuwa bai dawo ba. Har yau sai a yi dariya a taro in wangale baki ina tayawa, alhali ban ji abin da aka ce ba.

Shi ya sa da na haihu, na ji wai akwai allurar rigakafinsa amma ba ta cikin waɗanda ake yi mana kyauta, sai a asibitin kuɗi a Kano, na tasa maigidana a gaba da naci. Sau biyu muka sha wannan doguwar hanyar ta Hadeja da yarinya a cinya. Da na dawo kuma ai bakina bai mutu ba. Gidan suna, gidan biki, ko ba a tambaye ni ba sai na ce, "Ni dai tawa ta fi ƙarfin hangum."

Sai ga shi wata safiya tawa ta ture kunun tsamiya, ta dafe muƙamuƙi tana hawaye. Ya kama ta.

Wayyo kunya! Maƙwabta suka yi ta shigowa dubiya. Wata ta gama sannunta, tana sa takalmi ta ce, "Ashe allurar Kanon ma takan yi hutu?" Amma ba kunyar ce ta hana ni cin abinci ba, tsoro ne. Kunnen yarinyar nan kawai nake tunani.

Mahaifiyata ta taso daga Gashua da kwalin kifinta banda, ta karɓe jinya. Kwana uku da zuwanta, bayan la'asar, na fito daga madafa na hango 'yata zaune a tabarma ta ba ni baya, kanta a naɗe. Na kira ta. Shiru. Na matso na sake kira. Ko motsi.

Ban tsaya neman kowa ba. Na suri yarinya, takalmi wari da wari, na tare Keke Napep sai asibiti. Ina shiga na ce wa ma'aikaciyar jinya, "Ta kurumce, wallahi ta kurumce, irin nawa ne!"

Matar ta ce, "Zauna tukuna, Hajiya." Ta kwance ɗankwali, ta tarar da wani a ƙasansa. Ta kwance wannan ma, ta ɓamɓare busasshiyar ƙasar zanzaro. Sai ta tsaya, ta dube ni, ta zaro auduga jiƙe da mai daga kunnen dama, ta zaro wata daga na hagu.

"Wa ya toshe mata kunnuwa haka?"

'Yata ta ce, "Inna ce. Ta ce kada iska ta shiga ta ɗauke mini ji kamar na Mama."

Ma'aikaciyar ta goge kunnuwan, ta haska ciki, ta zagaya bayan yarinyar. Ta toshe mata ɗaya, ta yi raɗa ta ɗayan. Ni ban ji komai ba, leɓenta kawai na ga yana motsi. Sai 'yata ta ce, "Kifin Inna nake so." Aka juya ɗaya gefen, ta sake amsawa caraf. Jama'a, guɗa na rangaɗa a ɗakin duba marasa lafiya, sai da aka ce in tuna akwai masu jinya.

Na ce to ina amfanin allurar tunda ya kama ta? Ta ce in cutar ta yi yawa a gari, wanda aka yi wa ma yakan kamu, amma galibi da sauƙi take zuwar masa. Abin da ake gudu shi ne ta taɓa kunne, ko ƙwaƙwalwa, ko ta sauka wa namiji baligi a maraina, kuma wannan haɗarin allurar ke ragewa sosai. Ta ƙara da cewa a daina cusa komai a kunne.

Kafin sati 'yata tana tsalle a tsakar gida. Ni kuma na koyi rage cika baki, ko da yake ƙannenta duka sai da na kai su Kano.

Amma abin da ya zauna mini a rai har yau shi ne dawowarmu gida. Mahaifiyata tana tsaye a zaure, mayafi a hannu, ta kasa fita ta kasa komawa. Ban taɓa sanin tana ɗauke da kunnena a zuciyarta duk shekarun nan ba.

Ta ce, "Tana ji?"

Na ce, "Tana ji, Inna."

"Duka biyun?"

"Duka biyun."

Ta zauna a dandamali ta fashe da kuka, ta jawo kaina ta riƙe, ba na jikarta ba.